An bar jaki ana dukan taiki? Batun itace, leda da ambaliya a Damagaram

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Akwai abin da nake so masu sani su warware mana. Duk shekara maganar ɗaya ce, wata kawai ke canzawa. Da bazara a ce mata sun ƙarar da daji da itacen girki, shi ya sa hamada ke matsowa. Ranar 3 ga Agusta a fito da manyan riguna a dasa itace, a ce kowa ya dasa nasa. Ruwa ya yi ƙarfi gidaje su zube, a ce mutane ne suka toshe lambatu da leda, suka yi gini a hanyar ruwa. Rani ya kama famfo ya ƙafe, a ce mu daina almubazzaranci. Magani kuma kullum shi ke nan: a wayar da kan jama'a.

Ban ce ba mu da laifi ba, kowa na ganin ledar da ta yi wa ƙayoyin bakin gari ado. Amma shekara nawa ana wayar da kan nan bai waye ba? Ko dai kan ne mai tauri, ko kuwa ba nan gizo ke saƙa ba. Wane kaso ne namu, wane ne na hukuma, kuma yaya aka yi kullum bakin zaren ke ƙarewa a kanmu? Bayani da lissafi nake so, ba zagin kowa ba.

Mai Gawo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in ɗauki ɓangaren itace, don a nan aka fi ganin yadda sunan da aka raɗa wa cuta ke zaɓar wanda zai sha maɗaci.

Zancen cewa hamada na tahowa kuma manoma da makiyaya ne suka kira ta ya girmi jamhuriyar Nijar. A shekarun 1930 wani Baturen gandun daji ɗan Ingila, Stebbing, ya ratsa arewacin Najeriya da ƙasarmu da rani, ya ga ƙasa tsirara, ya rubuta cewa Sahara na cin ƙasa tana yin kudu saboda noma da kiwo da ƙonan daji, a yi mata katangar itace. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Nijar da Najeriya tsakanin 1936 da 1937. Kwamitin ya ga wuraren da suka lalace jefi-jefi, amma bai ga wata hamada mai tattaki ba. Rahoton ya kwanta, labarin ya ci gaba da yawo, saboda yana yi wa mai mulki rana: in ɗan ƙasa ne ke kashe daji, to an samu hujjar karɓe dajin daga hannunsa. Dama tun 4 ga Yulin 1935 Faransa ta fitar da dokar daji ta Afirka ta Yamma, kuma dokar da Nijar ta yi a watan Maris na 1974 ba ta yi nisa da ita ba. Akwai jerin itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, gawo na ciki, ko da a tsakiyar gonarka ya tsiro.

Yanzu ka shiga zuciyar manomi. Ya ga ɗan gawo ya fito a gona. In ya bar shi ya girma ya zama na gwamnati, ranar da ya sari reshe ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. In ya sa masa hauya tun yana tsawon yatsa, ba wanda ya gani. Me zai zaɓa? Ga kuma malaman gona na lokacin gyaɗa suna koya masa cewa gonar kirki ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta don garmar shanu ta wuce. Doka da koyarwa suka haɗu suka share gonaki, sannan aka juyo aka ce manomi ba ya son itace.

Farin 1968 zuwa 1974 da na 1984 ma an fara ɗora su a kan yawan dabbobi da sarar daji. Daga baya, musamman daga 2003, bincike ya nuna babban abin da ya janye daminar Sahel a waɗancan shekaru shi ne canjin ɗumin ruwan teku, kuma hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na da hannu wajen tura ruwan sama kudu. Hotunan tauraron ɗan'adam kuma suka nuna bakin hamada gaba yake yi da baya gwargwadon damina. Bafulatanin Tanut bai ji an ba shi haƙuri ba.

Abin da ya dawo da itace kuwa kowa ya san shi a jaharmu. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoman Maradi da na Magarya, Matamaye da Mirya suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututture da saiwa, abin da ake kira sassaben zamani. Lokacin aljihun gwamnati ya bushe, ma'aikata ba sa iya zagaya ƙauyuka kamar da, sai dokar karkara ta 1993 ta zo, mutane suka fara jin itacen gona nasu ne. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace kamar miliyan 200. Ba daga gandun renon itace suka fito ba, ba kuma ranar biki aka dasa su ba.

Ga yadda ake yinsa, don wanda bai sani ba. Lokacin sassabe, kafin ruwa ya sauka, ka zagaya gona ka zaɓi kututturan da za ka raya: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. A kowane kututture ka bar toho 3 zuwa 5 mafiya ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Ƙarfen ya zama mai kaifi, kuma daga ƙasa zuwa sama ake yankan, don in ka saro daga sama ɓawon zai yage ya bi jikin itacen, ƙwari su samu ƙofa. Rassan gefe a rage su zuwa rabin tsawon sandar kawai. Masu aske shi tas su bar ɗan tuntu a kai, su ne iskar farkon damina ke karya musu, ko akuya ta lanƙwaso shi ta cinye kan. A ɗaura tsumma don mai wucewa ya san da mai shi, a dawo bayan wata 2 zuwa 6 a sake gyarawa. Gawo shi ne sarki a nan, tunda da damina yake zubar da ganye, bai hana hatsi rana, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina yabanya. Inda abin ke lalacewa shi ne gonar aro ko ta jingina, don ba mai rainon abin da ba zai ci ba, sai kuma ɓarayin dare, da wurin da ba a zauna da makiyaya an shata burtali ba.

Ka kwatanta da dashen 3 ga Agusta, wanda ake yi tun 1975. A nan damina takan ɗauke a cikin Satumba, wato ɗan itacen na da mako 6 ko 7 kafin ya shiga wata 8 na rani. Yana son rami kamar santimita 40 kowane gefe, a yanke gindin ledar da saiwar da ta naɗe, a yi masa shinge, a ba shi ruwa. Mu ce jarka ɗaya ta lita 20 a mako, mako 35. Itace 1,000 sun ci jarka 35,000 ke nan, a garin da mutum ke bin layin famfo da tsakar dare. Ranar biki ana ƙirga abin da aka dasa, ba mai dawowa a watan Mayu ya ƙirga abin da ya rayu. Babbar katangar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Dakar zuwa Jibuti, da wannan tunanin na Stebbing ta fara. Rahoton 2020 ya nuna hekta kusan miliyan 4 aka gyara cikin miliyan 100 da ake buri, shi ya sa yanzu su ma suka karkato ga abin da manoman Magarya ke yi.

Hajiya Injiniya ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Mai Gawo. Kai ka gama da daji, ni bari in shigo gari.

Malam Ɗan Zango, Damagaram a kan dutse take zaune. Ruwan sama ba ya nutsewa sosai, gudu yake yi, kuma tun asali tafkuna da kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini su ne masaukinsa. Gari ya faɗaɗa, aka yanka filaye aka sayar kafin a ja magudana, wasu a cikin kwari. Wanda ake cewa ya yi gini a hanyar ruwa, sau da yawa in ka tambaye shi zai ɗauko maka takardar fili mai hatimi. Shi bai da na'urar auna tudu da kwari. Wanda ya buga hatimin yana da ita, ko ya kamata ya kasance da ita. Sayar da fili kuɗi ne da ke shigowa yau, lambatu kuɗi ne da ke fita, to ka san wanda ake fara yi.

Ga lissafin da ba a yi a rediyo. Milimita 1 na ruwan sama a kan mita murabba'i 1 lita 1 ce. Ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a kan hekta 1 ya ba ka lita 500,000. Ɗauki unguwa mai hekta 100, ka ce kashi 60 cikin 100 ne ke gudu saboda rufin kwano da daɓe da dutse: mita kubik 30,000 ke nan. In cikin awa ɗaya ya sauka, kowace daƙiƙa mita kubik 8 da ɗoriya na neman hanya. Lambatu mai faɗin mita 1 da zurfin mita 1, ruwa na gudun mita 2 a daƙiƙa, mita kubik 2 yake ɗauka. Ko an wanke shi da sabulu, kashi ɗaya cikin huɗu zai kwashe, sauran ya shiga zaure. Leda na ƙara ta'azzara abin, musamman a bakin kwalbati inda take haɗuwa da kara da tsumma ta yi toshiya, amma ba ita ta ƙayyade faɗin lambatun ba.

Kuma duk wanda ya tsaya kan masu yasa ya ga abin da shebur ke fitarwa: mafi yawansa rairayi ne daga titunan da ba a daɓe ba. Yasar ma akwai yadda take ɓaci. Ana tara ƙasar a gefen lambatu a tafi, ba motar kwasa, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Ana farawa daga sama a gangaro, alhali daga mafita ya kamata a fara a hauro, in ba haka ba ka buɗe wa ruwa hanya ne ya iske toshiya da gudu. Kuma a gama ta cikin Mayu zuwa farkon Yuni. Yasar Agusta ta ɗaukar hoto ce.

Shara sarƙa ce mai gaɓa biyar: gida, amalanke, wurin tarawa, babbar mota, juji a wajen gari. Biyun farko mutane na yi, har suna biyan yaran amalanke daga aljihunsu. A ta uku da ta huɗu take tsinkewa, kuma su ne na ma'aikatar magajin gari, wadda ke karɓar haraji don wannan aikin. Mu ɗauka mutum 400,000, kowa na fitar da rabin kilo a rana: tan 200. Mota mai ɗaukar tan 8, sahu 3 a rana, tan 24. Ana son mota 8 ko 9 da ke kan ƙafafunsu kullum, da mai, da taya, da bakanike. In biyu ne ke tashi, ragowar na nan a bola tana jiran iska ko ashana. Sai a sa ranar tsabtar gari, mata da samari su fito da tsintsiya su tara tsibi-tsibi, kwana uku tsibin na nan, awaki sun baje shi. Wanda ya yi shara sau uku ya ga haka, ba jahilci ne zai hana shi fitowa karo na huɗu ba.

Ta leda kuwa, doka na nan: lamba 2014-63 ta 5 ga Nuwamban 2014. Ta hana ƙerawa, shigowa da ita, sayarwa, amfani da ajiye leda maras kauri. Ka lura da jerin, ƙerawa da shigowa ne a gaba. Leda a cikin manyan motoci take shigowa, ta hanyoyin da aka sani, ta hannun ƴan kasuwar da ba su da yawa. Masu amfani da ita kuwa duk ƙasa ne. Ruwanda da ta hana a 2008 a kan iyaka da filin jirgi ta tsaya. A nan wa'azin ya fi sauka kan mai sayen tumatur na dala 20, kuma ba a ce mata ga abin da za a ƙulla mata mai ko koko a ciki ba.

Dattijon Birni ya amsa:

Ƴata Injiniya, lissafinki ya zauna, ban da ta cewa a kansa. Amma laifi tudu ne, kada mu taka namu. Ina tsoron yaro ya karanta wannan ya ce to ashe ba ruwana, ya wurga ledar piya wata a kwata da hujja.

Farko dai akwai ruwan da ya fi ƙarfin kowa. Daminar 2024 ta kashe mutum kusan 400 a ƙasar nan, ta shafi kamar miliyan 1 da rabi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Tsohon masallacin Birni da ke tsaye tun ƙarni na 19 ya faɗi ranar 3 ga Satumba. Ba leda ta kayar da shi ba.

Sannan akwai namu na cikin gida, wanda ba kantoma ba gwamna da zai yi mana. Ginin ƙasa ta ƙafa yake mutuwa da ta kai. Ta kai, in ba a sake yaɓen rufi kafin damina ba, ko indararo ya toshe, ruwa ya kwanta ya jiƙa azara. Indararon ma in gajere ne, a jikin bango yake zubarwa ya ci shi. Ta ƙafa, in ruwa na kwanciya a gindin katanga, ƙasa na shan sa tana hawa da shi. A tayar da gindin bango da dakali mai gangara zuwa waje. Babban kuskuren zamani shi ne shafa siminti a kan tubalin ƙasa: siminti ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, bangon ya ruɓe a ɓoye yana kyau a ido, rana ɗaya ya zauna gaba ɗaya. Magina na da da makuba suke shafe, bango na numfashi. Akwai kuma mai zuba ƙasa mota biyu a ƙofar gidansa ya tura ruwa gidan maƙwabci, da mai sayen fili a bakin tafki da rani, ya san sarai abin da ke wurin, araha ta ja shi. Mata kuma in suna tankaɗe rairayi daga shara kafin a zuba a buhu, nauyin da motar Hajiya za ta ɗauka ya ragu sosai.

Mai Gawo, kai ma kada a fahimce ka a ce hamada tatsuniya ce. A je Gure a ga tudun rairayi na binne kwaruruwan da ake noman rani da dabino. Can sai an kafa shingen kalimbo ko na kaba a gicciye da iska, a shuka a tsakani, a hana dabba shiga shekara biyu ko uku. Mutane kuma sun ƙaru, ƙidayar 2012 ta ba mu miliyan 17 da ƙaruwar kashi 3.9 a shekara, gonar da ake bari ta huta yanzu ba ta hutawa. Zamanin samariya da gayya ake yashe unguwa, ko da yake, gaskiya, wani fitowar tsoron hukuma ne ya fito da shi.

Ɗan Zango ya sake rubutawa:

Allah ya ƙara girma, Baba, an karɓa. Na gode Hajiya, na gode Mai Gawo. Saura batun girki da ruwan sha. Matatar mai na bayan gari, amma har yau da itace ake tuwo. Wannan fa, ba taurin kanmu ba ne?

Ƴar Sabon Gari ta amsa:

Yaya Ɗan Zango, a tambayi mai tuƙa tuwon kafin a yanke mata hukunci. Matatar SORAZ ta fara aiki a Nuwamban 2011, kimanin kilomita 50 arewa da gari, ganga 20,000 a rana, kuma tana fitar da gaz. Farashin da hukuma ta daɗe da tsayarwa sefa 1,800 ne cikon tukunya mai kilo 6, mai kilo 12.5 kuma 3,750. In aka bi wata da wata gaz na iya fin itace sauƙi. Matsalar a ƙofar shiga take: sai ka sayi tukunyar kanta da kan murhu a dunƙule, sannan duk ciko a dunƙule. Gidan da cefanensa ke shigowa kullum da yamma, itacen dala 20 ko 40 yake iya saye, ba don bai iya lissafi ba. Ƙara da cewa ƙaramar tukunyar gaz ba ta ɗaukar tukunyar tuwon mutum 15, tuƙi ɗaya sai ta kife, kuma ranar da gaz ya yanke a gari dole a koma murhu. Inda ake son a rage itace da gaske, tukunyar farko ake sauƙaƙawa ko a ba da ita biya kaɗan-kaɗan, a kuma yaɗa murhun Mai Sauƙi daidai girman tukwanen gida.

Sannan wa ke sare ɗanyen itace? Matar ƙauye busasshe take tsinta, da kara, da kashin shanu. Itacen da ke cika gari a mota da amalanke yake zuwa, sana'a ce mai takarda da haraji, tun dokar 1992 da ta tsara kasuwannin itace na karkara. Amma hoton da ake nunawa kullum na mace ne da dami a ka.

Ruwan sha ya fi ban takaici. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Faransa ta ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, shekara kusan 100 ke nan. Dutsen da Hajiya ta faɗa bai riƙe ruwa a ƙasa, shi ya sa ake jawo shi daga nesa, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Wannan aikin bututu ne da injin da wutar lantarki, ba na buta ba. Kuma duba wanda ake cewa ya yi tattali. Mai famfo a gida, mita kubik 10 na farko ana yi masa lissafinsu a sefa 127 kowane ɗaya. Mita kubik 1 jarka 50 ce. Mai sayen jarka a dala 5, wato sefa 25, ya biya sefa 1,250 a mita kubik, kusan ninki goma. In zafi ya yi ƴan ga-ruwa suka kai ta dala 20, ya biya 5,000. Wanda ke wanka da rabin bokiti ba shi ke buƙatar darasin tattali ba.

Salon nan ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A Amurka, a 1953, kamfanonin lemo da na gwangwani da kwalaba na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da zubar da shara, magana ta tashi daga kan mai ƙera abin yarwa ta koma kan mai yarwa. Wajen 2004 kamfanin mai na BP ya kashe kuɗi wajen tallata cewa kowa ya auna hayaƙin da shi kansa ke fitarwa. Ɗan Nijar wajen kashi ɗaya cikin goma na tan yake fitarwa a shekara, Ba'amurke ya haura tan 10.

Akwai kuma ɗaya fuskar. In sunan matsala zai nuna mai mulki da yatsa, sunan ake canzawa. A 2005 yara na mutuwa a Maradi da Damagaram, shugaba Tandja ya ce ba yunwa a ƙasar, aka tsaya kan fari da fara, alhali tsadar hatsi a kasuwa ta taka rawa babba. Duk mai mulki a nan na tune da cewa yunwa na cikin abin da ya kayar da Diori a Afrilun 1974.

Don haka in an karanta sanarwa, ni abin da nake saurare shi ne wa aka ce zai yi, da nawa, zuwa yaushe. “Jama'a su daina” na da mai aikatawa. “Za a gina magudanai” ba ta da shi. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun gari babu kansilan da za a tare, kantoma ne, to ta hannun mai unguwa da ƙungiyoyin unguwa za a bi, a rubuce, a ajiye kwafi. A tambayi mota nawa ke aiki cikin waɗanda ake da su, mita nawa na lambatu aka yashe bana kuma ina aka kai ƙasar, nawa harajin kasuwa da na gari ya kawo, nawa ya tafi tsabta. Unguwa kuma ta je da nata alkawarin: mu za mu kawo shara wuri kaza ranar kaza, ku motar ta zo ranar kaza.

Mai Gawo ya ƙara:

Baba Dattijo, gaskiyarka kan Gure, can aikin gwamnati ne da gayya, manomi ɗaya bai iya tsayar da tudu.

Gyara ɗaya kan maganata ta sama, kada wani ya ɗauki gatari da ita. Dokar daji ta 8 ga Yunin 2004 da dokar 30 ga Yulin 2020 kan sassaben zamani sun amince wanda ya raini itace a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa, amma gawo da ƴan'uwansa na nan cikin masu kariya. Sassabe da rage toho ba matsala. Kayar da babban itace kuwa, a je ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma a nemi izini tukuna, duk abin da aka biya a karɓi rasit mai hatimi. Gonar ma a kai ta gaban kwamitin filaye na ƙauye, Kofo, a rubuta ta. In ta aro ce ko jingina, a sa a cikin takardar wa ke da itacen da za a raya, da wa zai ci rassa da ƴaƴan gawo, tun kafin su kai tsawon mutum.